Robert FitzRoy: Sojan Ruwan Da Ya Fara Gargaɗin Hadari

A wannan fili mun saba kawo tarihin masu bishara da fastoci da waɗanda suka yi wahalar fassara Littafi Mai Tsarki. Yau mun kawo wani dabam, sojan ruwa ne wanda bai taɓa riƙe ikkilisiya ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin bayan labaran dare, ya ga mai hasashen yanayi tsaye gaban taswira yana nuna inda hadari zai taso gobe, to, ya ga aikin da wannan mutum ya soma. Sunansa Robert FitzRoy, mutumin Ingila. Ya rasu tun 1865, ba rediyo balle talabijin, amma shi ne ya fara fitowa da sunan gwamnati yana faɗa wa jama'a kowace rana abin da ake tsammani daga sama. An yi masa dariya ƙwarai a kan wannan, dariyar kuwa ta ci shi.

An haife shi ranar 5 ga Yuli 1805 a gidan Ampton, cikin lardin Suffolk. Ɗan sarauta ne, gama ta wajen ubansa jinin Sarki Charles na Biyu ne. Uwarsa ta rasu yana ƙaramin yaro. Yana da shekara 12 aka kai shi makarantar sojan ruwa ta Portsmouth, a 1824 kuma ya ci jarrabawar zama laftana ba tare da ya faɗi ko maki ɗaya ba, abin da ba wanda ya yi kafinsa. Sai dai akwai wani baƙin labari a gidansu. Kawunsa, Lord Castlereagh, ministan harkokin wajen Birtaniya, ya kashe kansa a 1822. FitzRoy yana saurayi a lokacin, ya kuwa girma da tsoron kada wannan ciwo na zuciya ya zama yana cikin jininsu.

A 1828 wani ƙaramin jirgin ruwan gwamnati mai suna Beagle yana aikin awon gaɓar teku a ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu, wurin da ake kira Tierra del Fuego. Ƙasa ce ta sanyi da ruwan sama da iska mai ƙarfi kusan kullum. Kyaftin ɗin jirgin, Pringle Stokes, ya kasa jimrewa da kaɗaici da wahalar wurin, ya harbe kansa. A watan Disamba na shekarar aka ba FitzRoy jirgin yana da shekara 23, ya shiga ɗakin da mutumin ya yi ta fama a ciki.

Bai daɗe da karɓar jirgin ba sai ya koyi darasin da ya bi shi har tsufa. A farkon 1829 suna kusa da Maldonado, a bakin kogin Plata, wata guguwa da ke tasowa daga filayen Ajantina ta auka musu farat ɗaya. Jirgin ya kusa kifewa, matuƙa biyu suka faɗa teku, ba a ƙara ganinsu ba. A cikin jirgin akwai barometa, wato ma'aunin nauyin iska, ta kuwa nuna alamar haɗari tun kafin guguwar ta iso. Saurayin kyaftin ya gani, bai ɗauki mataki da wuri ba. Daga ranar ya riƙe a ransa cewa alama tana zuwa kafin masifa, laifin kuma na wanda ya gani ya yi shiru ne.

Ya kamata mu bayyana wannan na'ura, domin sauran labarin a kanta ya rataya. Dogon bututun gilashi ne da zaiba a ciki. Iskar da ke bisanmu tana da nauyi ko da yake ba ma jinsa, nauyin nan ne yake danna zaibar ta hau cikin bututun. Sa'ad da iska ta yi nauyi zaiba takan hau, galibi kuwa sama takan sarara. Sa'ad da nauyin ya ragu zaiba takan sauka, wannan alama ce iska mai laima tana tashi sama, gizagizai za su haɗu. In ta sauka da sauri, to, abin da ke zuwa mai ƙarfi ne.

A 1830 mutanen Tierra del Fuego suka sace wani kwalekwalen jirgin. FitzRoy ya kama wasunsu domin a mayar masa da kayansa, kwalekwalen bai dawo ba, ya rage da mutum huɗu a hannunsa. Sai ya yanke shawara ya tafi da su Ingila a koya musu karatu da bishara da sana'a, sa'an nan ya komar da su su zama haske ga danginsu. Ɗaya ya mutu da ciwon agana da isarsu. Ukun aka sa su makaranta a Walthamstow da kuɗin FitzRoy, har aka kai su gaban Sarki William na Huɗu. Wanda aka fi sani cikinsu yaro ne da matuƙa suka laƙaba wa suna Jemmy Button. Nufin kyaftin mai kyau ne, amma ba za mu ɓoye ba, ɗauke mutane daga ƙasarsu ba da yardar iyayensu ba kuskure ne, bishara kuma ba ta bukatar a sato mata almajirai.

Domin ya cika alkawarin komar da su, ya yi ta neman hanya har gwamnati ta sāke ba shi Beagle. Da ya tuna da kawunsa da kuma Kyaftin Stokes, sai ya nemi wani mai ilimi da zai zama abokin cin abinci da hira, gama al'adar sojan ruwa ba ta yarda kyaftin ya saki jiki da na ƙasa da shi ba. Aka samo masa wani saurayi ɗan shekara 22 da ya gama karatu a Cambridge, wanda ake sa ran zai zama limamin ikkilisiya. Sunansa Charles Darwin. Suka tashi daga Plymouth ranar 27 ga Disamba 1831, ba su dawo ba sai 2 ga Oktoba 1836.

A Janairu 1833 aka sauke 'yan ƙasar nan uku a wani wuri da ake kira Wulaia, tare da wani saurayi mai koyon aikin mishan, Richard Matthews. Aka gina musu bukkoki, aka yi shuka. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe kayansu kaf, ran Matthews ya shiga haɗari, dole FitzRoy ya ɗauke shi. Da suka koma bayan shekara guda suka tarar da Jemmy ya koma zaman da ya sani, ya yi aure, ya kuwa ƙi komawa Ingila.

Aikin awon kansa ya yi kyau ƙwarai. FitzRoy ya ɗauki agogon teku 22 domin ya tabbatar da matsayin kowane wuri daidai, wasu ma da kuɗinsa ya saya. Taswirorin da ya zana sun yi wa matuƙa amfani fiye da shekara 100. A jirginsa ne kuma aka fara aiki a hukumance da ma'aunin ƙarfin iska na Francis Beaufort, wanda ya kasa iska daga sifiri zuwa 12. Amma mutumin yana da zafin rai. A Burazil ya yi gardama da Darwin a kan bauta. FitzRoy ya kawo hujjar wani mai bayi da ya tara bayinsa ya tambaye su ko suna son 'yanci, suka ce a'a. Darwin ya tambaya ko amsar bawa a gaban ubangidansa tana da wani nauyi. Kyaftin ya husata har ya kore shi daga teburinsa, daga baya ya aika da neman gafara. A wannan magana Darwin ne mai gaskiya. A 1834 kuma, a Valparaiso, sa'ad da hukumar sojan ruwa ta ƙi biyan kuɗin wani jirgi na biyu da ya saya domin aikin, baƙin ciki ya danne shi har ya ajiye muƙaminsa, yana cewa hankalinsa na shirin gushewa. Mataimakinsa, Laftana Wickham, ya lallashe shi ya janye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rubutu na farko da Darwin ya sa wa hannu aka buga da saninsa, tare da FitzRoy suka yi shi a 1836, a wata mujallar Kirista ta Afirka ta Kudu, suna kāre aikin 'yan mishan na tsibirin Tahiti daga masu kushe su.

Da dawowarsa ya auri Mary O'Brien, mace mai ibada. Shi da kansa ya rubuta a littafinsa na 1839 cewa a dā ya yi shakkar labarin ruwan tsufana, daga baya ya komo ya riƙe Maganar Allah da ƙarfi. Ya shiga majalisar dokoki a 1841 yana wakiltar Durham. A 1843 aka naɗa shi gwamnan Niyu Zilan. Kafin isarsa an yi faɗa a Wairau a kan gona, Turawa 22 da 'yan ƙabilar Maori 4 suka mutu. Turawan suka zuba ido sabon gwamna ya ɗaukar musu fansa. Da ya bincika sai ya yanke cewa Turawan ne suka shiga ƙasar da ba su saya ba, ya ƙi hukunta sarakunan Maori. 'Yan'uwansa ba su taɓa yafe masa wannan ba. Ga baitulmali babu kuɗi, ga yaƙi ya tashi a arewa, sai aka tsige shi a 1845, mutanen garin Nelson har suka ƙona gunkinsa don murna. Matarsa ta rasu a 1852, babbar 'yarsa kuma a 1856. A tsakanin nan, a 1854, ya sāke aure.

A wannan shekara ta 1854 ne aka ba shi aikin da ya sa muke tunawa da shi. Ma'aikatar ciniki ta buɗe ɗan ƙaramin ofishi domin tara bayanan iska da ruwa daga littattafan jiragen ruwa, a gane hanyoyin da suka fi sauƙi da sauri. Aka ɗora FitzRoy a kai da ma'aikata 3 kacal. Wannan ofishi ne ya zama hukumar yanayi ta Birtaniya. Ba wanda ya ce masa ya faɗi abin da zai faru gobe. Hasali ma, da ake muhawara a majalisa a kan kuɗin ofishin, wani wakili ya ce wata rana za a iya sanin yanayin Landan tun ana sauran kwana guda, majalisa ta fashe da dariya. A zamanin nan faɗin yanayin gobe sana'ar masu duban taurari ce, waɗanda suke buga kalandu suna sayar wa talakawa.

Shekara 5 ya yi yana ba kyaftin-kyaftin aron na'urori, yana karɓar bayanansu, yana zana taswira. Ya kuma tuna da masunta, waɗanda ba su da kuɗin sayen barometa, su ne kuwa teku ta fi ci. Ya tsara wata mai ƙwari da sauƙin karantawa, da bayani a jikinta, aka riƙa kafawa a bakin ruwa cikin ƙauyukan masunta domin kowa ya duba kafin ya tura kwalekwale.

Sa'an nan daren 25 ga Oktoba 1859 ya zo. Wani jirgi mai suna Royal Charter yana dawowa daga Melbourne ta Ostareliya zuwa Liverpool, cike da fasinja, da yawansu masu haƙar zinariya ne da ke komawa gida da abin da suka samu. Sun yi kusan wata biyu a teku, saura 'yan sa'o'i su sauka. Guguwa ta kama su a gefen tsibirin Anglesey, ta tsinke sarƙoƙin da suka ɗaure jirgin, da asubahin 26 ga wata ta buga shi a kan duwatsu kusa da ƙauyen Moelfre. Mutanen ƙauyen suna tsaye a gaɓa suna kallo. Mutum wajen 450 suka mutu, waɗanda suka tsira kimanin 40 ne. A dukan ƙasar guguwar ta nutsar da jirage 133, ta kashe mutum wajen 800.

FitzRoy ya tattara awon barometa da na iska daga ko'ina, ya zana tafiyar guguwar sa'a bayan sa'a. Taswirar ta nuna iska ce mai juyawa, ta taso daga kudu maso yamma, ta bi ƙasar a hankali zuwa arewa. Ta yi sa'o'i da yawa tana ɓarna a kudu kafin ta kai inda Royal Charter yake. A lokacin kuwa wayar tangaraho ta riga ta haɗa manyan garuruwa, saƙo yana iya tafiya cikin 'yan mintoci. Wato da akwai mai lura a kudu, da mai karɓar saƙo a Landan, da alama a bakin teku, da jirage da yawa sun fake. Ya kai wannan hujja gaban shugabanninsa, suka ba shi izinin yin gargaɗin guguwa.

Tsarin da ya kafa a 1860 mai sauƙi ne. Ya zaɓi tashoshi goma sha wani abu a kewayen gaɓa, har da Valentia a yammacin Ailan, inda iskar tekun Atlantika take fara taɓa ƙasa. Kowace safiya ma'aikacin waya yakan duba barometa da ma'aunin zafi, ya lura da inda iska ta fito da ƙarfinta da kamannin sama, ya buga zuwa Landan. FitzRoy da mataimakansa su jera bayanan, su kwatanta da na jiya. In sun ga haɗari sai su buga waya zuwa tashoshin jirage, a can kuma a ɗaga alama a kan dogon sanda. An ɗinka alamun da tamfol. Ɗaya mai tsini ce kamar malafa: in tsininta yana sama, guguwa daga arewa take zuwa, in yana ƙasa, daga kudu. Ɗayar kuwa kamar ganga take, tana nufin iska mai haɗari za ta zo ta fuskoki dabam dabam. Da dare akan jera fitilu a siffar alamar. Masunci ba sai ya iya karatu ba, ɗaga kai kawai zai yi. An ɗaga gargaɗi na farko a Fabrairu 1861.

Tun da bayanan suna hannunsa kowace rana, sai ya ga ba dalilin ɓoye wa manomi da matafiyi. Ranar 1 ga Agusta 1861 jaridar The Times ta buga 'yan layuka a ƙarƙashin awon ranar, suna faɗin irin iska da yanayin da ake tsammani a sassan ƙasar cikin kwana biyu masu zuwa. Ba wanda ya umarce shi da wannan, kansa ya yi. Shi ne mafarin hasashen yanayi na kullum domin jama'a.

A nan ne rayuwar mutumin ta taɓa tambayar da muke ji har yau a cikin ikkilisiyoyinmu. Akwai masu bi da ke cewa sauraron hasashen damina rashin bangaskiya ne, ko kuwa wani irin duba ne da aka sa wa kwat. FitzRoy mutum ne da ya san Kubawar Shari'a sura 18, inda aka hana jama'ar Allah duba da sihiri, bai kuwa so a haɗa shi da masu duban taurari ko kaɗan. Saboda haka ya guji kalmar annabci, ya zaɓi kalmar Turanci forecast ya sa wa aikinsa, ya kuma bayyana cewa ra'ayi ne da aka gina a kan awo da lissafi, mai yiwuwa ne ya kuskure. Mai duba yana da'awar sanin abin da Allah ya ɓoye. Mai awon iska kuwa abin da Allah ya shimfiɗa a fili yake karantawa, kamar dattijon ƙauye da ke duban gabas da la'asar ya ce a kwashe shanya. A Matiyu sura 16 da Luka sura 12 Ubangijinmu ya ambaci yadda mutane suke gane yanayin gobe daga jan sama da gajimare da iskar kudu. Bai tsauta musu domin wannan ba, laifinsu shi ne sun kasa gane zamanin da suke ciki. A Ayyukan Manzanni sura 27 kuma Bulus ya gargaɗi masu jirgi kada su tashi daga Karita domin lokacin tafiya ya wuce, jarumin soja ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, ƙarshenta jirgin ya farfashe a Malita. A ganinmu, manomi mai bi da ya ji sanarwar hukumar NiMet a kan lokacin faɗuwar damina, ya shirya irinsa, ya kuma durƙusa ya roƙi ruwa, bai yi wa Allah laifin kome ba.

Masunta da iyalansu sun karɓi aikin da murna. Sarauniya Victoria ma takan aika a tambayo shi kafin ta haye zuwa gidanta na tsibirin Wight. A 1863 ya buga littafinsa a kan yanayi, ya kuma kai muƙamin mataimakin admiral. Amma maƙiya sun taso ta fuska uku. Masu manyan jiragen kamun kifi sun ji haushi, gama duk ranar da aka ɗaga alama ma'aikatansu sukan ƙi fita, in guguwar ba ta zo ba kuwa asarar kwana guda ce. Sai jaridu, waɗanda sukan yi shiru in hasashe ya yi daidai, su cika shafi da ba'a in ya kuskure. Har The Times da ke buga aikinsa ta shiga yi masa shaguɓe. Na uku su ne masana kimiyya, irin su Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, waɗanda suke ganin ba a gano dokokin iska sosai ba tukuna, don haka faɗin abin da zai faru gobe zubar da mutuncin kimiyya ne.

Masanan suna da 'yar gaskiya. Tashoshinsa kaɗan ne, ba shi da kowa a tsakiyar tekun da guguwa take fitowa, kuskure kuwa ya yi yawa. Amma lissafin FitzRoy na matuƙi ne wanda ya taɓa rasa mutum biyu a Maldonado. In ya yi gargaɗi guguwa ba ta zo ba, an yi asarar kifin yini ɗaya. In ya yi shiru ta zo, ƙauye ya cika da gwauraye. Wannan shi ne nauyin mai tsaro da aka kwatanta a Ezekiyel sura 33, wanda za a nemi jinin jama'a a hannunsa in ya ga takobi bai busa ƙaho ba. Sai dai mutumin ba ya iya barin zargi ya wuce. Kowace suka sai ya amsa ta da doguwar wasiƙa, yana aiki dare da rana, lafiyarsa tana raguwa.

Wasu abubuwa biyu kuma sun ƙara masa nauyi a waɗannan shekaru. A Nuwamba 1859 Darwin ya buga littafinsa a kan asalin halittu, wanda ya tsiro daga abubuwan da ya gani a tafiyar Beagle. FitzRoy ya ji zafin cewa shi ne ya ɗauko mutumin a jirginsa. A Yuni 1860 ya je taron masana a Oxford domin ya yi jawabi a kan guguwa, sai ya tarar da muhawarar nan tsakanin Bishop Samuel Wilberforce da Thomas Huxley. Ya miƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu yana roƙon jama'a su gaskata Allah fiye da mutum, hayaniya ta rufe muryarsa. Muna girmama ƙarfin halinsa, ko da yake ɗaga littafi sama ba ya amsa hujja, masu bi na bayansa sun zauna sun yi wannan aiki da natsuwa. Abu na biyu, a cikin watan nan na Nuwamba 1859, aka kashe mutum 8 na wata ƙungiyar mishan a Wulaia, a daidai wurin da ya sauke Jemmy Button, suna cikin sujadar Lahadi. Har aka zargi Jemmy da hannu a ciki, shi kuwa ya musa. Bayan rasuwar FitzRoy aka kafa mishan a Ushuaia, Thomas Bridges ya fassara Luka da Yohanna da Ayyukan Manzanni cikin harshen mutanen, Darwin da kansa ya riƙa ba ƙungiyar gudummawa. FitzRoy bai ga wannan ba.

A farkon 1865 ciwon baƙin cikin nan ya dawo da ƙarfi. Likitoci suka ce ya huta, ya koma da iyalinsa unguwar Norwood a kudancin Landan, amma ya kasa cire ransa daga ofis. Da safiyar Lahadi, 30 ga Afrilu 1865, ya kashe kansa a gidansa yana da shekara 59. Aka binne shi a harabar majami'ar All Saints ta Upper Norwood.

Ba mu kawo wannan domin mu wanke abin da ya yi ba. Rai na Allah ne, haka muke koya wa masu shirin baftisma. Amma labarinsa ya nuna cewa mutum yana iya riƙe Littafi da gaske, yana addu'a, ciwon zuciya kuma yana cinsa kamar yadda ciwon suga yake cin wani. Iliya ma, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya kwanta a ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa, Allah kuwa ya fara da ba shi abinci da barci kafin ya yi masa magana. In ɗan'uwa a cikinmu ya daina barci, ya daina cin abinci, yana maganar gajiya da duniya, a zauna da shi, a yi addu'a, a kuma kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai. Shari'ar FitzRoy tana hannun wanda ya san ciwonsa.

Da aka duba dukiyarsa aka tarar ya ƙarar da ita a kan aikin gwamnati, ya bar bashi. Tsohon abokin aikinsa na Beagle, Bartholomew Sulivan, ya tsaya har gwamnati ta ba iyalin fam 3,000. Darwin ya ba da fam 100. Sarauniya ta ba matarsa wurin zama a fadar Hampton Court.

A 1866 wani kwamiti da Galton yake ciki ya bincika aikin ofishin, ya kushe shi. Aka dakatar da hasashen jarida, a ƙarshen shekarar kuma aka sauke alamun bakin teku. Masunta da 'yan kasuwar tashoshi suka yi ta kai kuka majalisa, har a 1867 aka soma mayar da gargaɗin guguwa. Hasashen kullum domin jama'a bai dawo ba sai 1879. Gidan rediyon BBC ya fara karanta shi a 1922. Ranar 11 ga Janairu 1954 kuma George Cowling, ma'aikacin wannan hukuma da FitzRoy ya soma da mutum 3, ya tsaya gaban taswira a talabijin ɗin BBC, ya zama na farko a Birtaniya da jama'a suka ga fuskarsa yana faɗin yanayin gobe.

Akwai wani dogon dutse a kan iyakar Ajantina da Chile da aka sa wa sunansa tun 1877. Hedkwatar hukumar yanayi ta Birtaniya a garin Exeter tana kan titin da ake kira FitzRoy. A Fabrairu 2002 kuma aka canja sunan wani yanki na tekun Atlantika, a arewa maso yammacin Sifen, daga Finisterre zuwa FitzRoy, a cikin jerin yankunan da ake karanta wa matuƙa da masunta gargaɗin iska a rediyo.